Gwajin Tsohuwar Tukunyar Iska Kafin A Sake Cika Ta

Masanan da ke nutsewa cikin teku don nazarin kifaye da tsirrai sukan goya tukunyar ƙarfe ko ta alminiyom, wadda aka danƙara wa iska. Matsin iskar da ke cikinta yakan ninka na iskar da muke shaƙa sau 200. Idan tsatsa ta ci jikinta, ko wuyanta ya tsage, tana iya fashewa a lokacin cikawa, ta hallaka mai cikawar.

Saboda haka ne a Amurka doka ta wajabta a gwada irin wannan tukunya duk bayan shekara 5. Da farko akan cire kanta, a haska cikinta da fitila don neman tsatsa. Sannan a cika ta da ruwa, a matsa shi har ya zarce matsin da take aiki da shi. Dalilin zaɓen ruwa shi ne ba ya matsuwa kamar iska, don haka ko ta tsage ba za ta tarwatse ba. Lafiyayyar tukunya takan ɗan kumbura, ta koma yadda take. Idan kumburin da ya rage ya wuce kashi 10 cikin 100, sai a soke ta. Wadda ta tsallake kuwa akan buga mata kwanan wata a kafaɗa.

Wajen cikawa ma akwai hattara. Idan injin ya zuƙo hayaƙin mota, gubar kabon monoksayid za ta shiga, ta kama jajayen ƙwayoyin jini, ta hana su ɗaukar oksijin. Mai nutso sai ya suma a ƙarƙashin ruwa.