Ista a Gure: Me Kiristoci ke nufi da tashin Almasihu da ceto?

A kowace shekara, Litinin ɗin da ke bin Ista, ko Paska kamar yadda ake kiranta a Nijar, ranar hutu ce a faɗin ƙasar, duk da cewa Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'a ba. A Gure, garin da ke gabas da Damagaram, matasa da dama suna cin hutun ba tare da sanin abin da maƙwabtansu ke tunawa ba.

A Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkensa da Hausa a 1932, Linjila huɗu, wato Matiyu da Markus da Luka da Yohanna, sun ruwaito cewa an gicciye Yesu ranar Juma'a a Urushalima, aka binne shi, sannan wasu mata suka tarar da kabarinsa babu kowa da asubahin Lahadi. Wannan ne dalilin da ya sa Lahadi ta zama ranar ibadar Kiristoci.

A koyarwarsu, zunubi ya raba ɗan Adam da Allah, kuma mutum ba zai iya biyan wannan bashi da ayyukansa ba. Mutuwar Almasihu ita ce fansar, tashinsa kuma shaida ce cewa an karɓi fansar. Ceto ke nan a wurinsu: gafarar zunubi, sulhu da Allah, da rai na har abada, a matsayin kyauta ga wanda ya ba da gaskiya. Manzo Bulus, a babi na 15 na wasiƙarsa ta farko ga Korintiyawa, ya ɗora addinin kacokan a kan wannan tashi, ya kuma kwatanta gawar da aka binne da irin da manomi ya shuka, wanda ke fitowa da sabuwar kama.

A nan ne hanya ta rabu da ta Musulunci. Alƙur'ani, a Suratun Nisa'i aya ta 157, ya kore kashe Annabi Isa (AS) da gicciye shi. Sai dai ɓangarorin biyu sun haɗu a kan tashin ƙiyama da hisabi.

Wannan imani ya fuskanci jarrabawa a jihar Damagaram, inda mishan ɗin SIM ya fara aiki tun 1924. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, zanga-zangar adawa da zanen ɓatanci na mujallar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe zuwa tarzoma. An ƙona coci-coci a birnin Damagaram, wutar ta kai Gure, washegari kuma ta isa Yamai. Mutum 10 suka mutu a ƙasar. Waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada ba su da hannu a zanen, kuma an samu Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu.

Littafin nasu ya haɗa ceto da yafiya: wanda aka yafe masa, wajibi ne ya yafe. Ga iyalin da ya rasa gida ko wurin ibada, wannan umarni ne mai nauyi, domin wanda ake so a yafe wa ɗin, kasuwa ɗaya suke ci, rijiya ɗaya suke sha. Bayan watanni kaɗan da tarzomar, ranar 5 ga Afrilun 2015, Ista ta zagayo, kuma da wannan umarni a gabansu suka yi bikinta.