Ƙurun da Ƙoshi Ke Gurguntawa

A can arewa da Sikotilan akwai tsibiran Shetland, ƙasar iska da duwatsu inda bishiya ba ta cika tsayuwa ba. Nan ne mahaifar wani ƙuru, gajeren doki mai kaurin wuya da gashi ninki biyu, wanda ƙungiyar masu kiwonsa da aka kafa a 1890 ta ƙayyade kada tsayinsa ya wuce inci 42. Ƙaramin goro ya fi babban dutse: bayan dokar 1842 ta hana mata da yara maza 'yan ƙasa da shekara 10 aiki cikin ramukan kwal na Birtaniya, irinsa aka riƙa turawa ƙarƙashin ƙasa suna jan kaya. Ɗaruruwan shekaru ya yi yana rayuwa a kan ciyawa mai tauri, in hunturu ya tsananta ya gangara gaɓar teku ya ci ganyen ruwa da igiyar teku ta watso. Haka jikinsa ya koyi tattali, ɗan abin da ya samu sai ya mai da shi kitse ya ajiye don gobe. Wannan baiwar ce ta zame masa jarrabawa a yau, kuma ita ce hujjar cewa rage masa ciyawa tausayi ne.

An fito da shi daga tsibiri an sake shi a makiyayar da aka shuka, aka zuba wa taki don shanun madara. Zuma ce, ga zaƙi ga harbi. A Afrilu da Mayu sabuwar ciyawa cike take da sukari, ƙurun ya ci ya ƙara, sinadarin insulin ya hau a jininsa ya ƙi sauka. Ɓarnar kuwa a kofato take bayyana. Tsakanin bangon kofato da ƙashin da ke cikinsa akwai siraran nama masu kama da shafukan littafi da suka sarƙe da juna, su ke ɗauke da nauyin dabbar. In suka raunana, cutar da likitoci ke kira laminaitis ta kama, har ƙashin yakan juya ko ya nutse. Sai a ga ƙurun ya miƙe ƙafafun gaba, ya mai da nauyinsa baya kan dugadugai, in an ja shi yana taku kamar mai tafiya a kan garwashi. Wanda ya taɓa yin ta, tana saurin dawo masa.

Mai tausayi zai ce, dabbar da Allah ya halitta ta kiwo, wadda takan yi awa 16 a yini kanta na ƙasa, ina dalilin sa mata takunkumi ga ciyawa kore shar a gabanta? Maganar tana da nauyi, domin cikin doki ƙarami ne, ba ya daina zubo ruwan narka abinci, kuma barinsa wayam na tsawon lokaci na jawo gyambon ciki. Sai dai ciyawar da aka halicce shi ya ci ba ita ce wannan ba. Mai ganin tumbi da tudun kitse a doron wuya yana murna, kallon kitse yake wa rogo, domin wannan tudun shi ne alamar gargaɗi. Takunkumin kiwo kuma ba ɗaure baki yake ba: yana da huda a ƙasa, ƙurun na tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan, yana shan ruwa, yana yawo da 'yan'uwansa, kuma ana cire masa shi kullum. Wasu kan kewaye ɗan fili da wayar lantarki suna matsar da ita taku-taku, su cike gurbin da ingirici da aka jiƙa a ruwa don sukarinsa ya ragu.

Akwai kuma mai cewa to a kulle shi a barga a hana shi ci har ya rame. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ƙuru mai ƙiba in aka yanke masa abinci farat ɗaya, kitsen jikinsa kan kwararo cikin jini ya lalata hanta, abin da ke iya kashe shi. Shi ya sa ake rage abincin a hankali, ba a yin ƙasa da kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na nauyinsa a busasshen abinci sai da sa idon likita. Rage sa'o'in kiwo kaɗai ma ba ya isa, domin da ya gane lokacinsa gajere ne sai ya koyi haɗama. Safiyar da raɓa ta daskare kuma rana ta fito, ita ma abar tsoro ce, saboda ciyawar na tara sukari ba ta girma.

Masu doki a ƙasar Hausa ba za su ga baƙon abu a nan ba, tunda a turke suke auna wa nasu harawa da dawa, kuma sun san yadda ciyawar farkon damina ke ɓata cikin dabba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai gashin ƙurun Shetland kan yaudari ido. Dole mai shi ya sa tafin hannu ya laluba haƙarƙari ko zai ji su, ya matsa doron wuya, sannan ya sunkuya ya taɓa kofato ya ji ko da zafi, ko jijiyar da ke samansa na bugawa da ƙarfi.