Aikin Ruhu Mai Tsarki a Rayuwar Mai Bi da Cikin Sujada

Gabatarwa

Akwai gardamar da kusan kowane mai hidima zai tarar a ikkilisiyarsa. Matasa sukan ce sujadarmu ta yi sanyi, babu Ruhu a cikinta. Dattawa kuwa sukan ce abin da matasa ke kira Ruhu hayaniya ce kawai. In fasto ba shi da amsa daga Littafi Mai Tsarki, sai ya bi ɓangaren da ya fi ƙarfi, ɗaya ɓangaren kuma ya fice. Saboda haka muna bukata mu san yadda ake gane aikin Ruhu.

Wane ne Ruhu Mai Tsarki?

Ruhu Mai Tsarki Allah ne, daidai yake da Uba da Ɗa. Sa'ad da Hananiya ya ɓoye wani kashi na kuɗin gonarsa, Bitrus ya ce masa ya yi wa Ruhu ƙarya, nan take kuma ya kira wannan ƙarya ga Allah (Ayyukan Manzanni 5:3-4). Ana kuma iya ɓata masa rai (Afisawa 4:30), abin da ba a yi wa wani iko marar rai. A ƙarni na huɗu waɗansu sun koyar cewa shi halitta ne. Majalisar ikkilisiya da ta zauna a Konstantinoful a shekara ta 381 ta ƙi wannan koyarwa, ta tabbatar cewa shi Ubangiji ne, wanda ake yi wa sujada tare da Uba da Ɗa.

A ƙasarmu dole mu bayyana wannan a fili. Maƙwabtanmu Musulmi sun fahimci Ruhul Ƙudus a matsayin Mala'ika Jibrilu. A al'adar bori kuma, iska takan hau mutum ta mai da shi dokinta, har ya fita hayyacinsa. Sabon mai bi yana iya shigowa da ɗaya daga cikin waɗannan fahimtoci, in ba mu koyar da shi ba.

Aikinsa cikin mai bi

Ruhu ne yake ba da sabuwar haihuwa (Yahaya 3:5-8). Shi ne hatimin da Allah yake sa wa mutum sa'ad da ya gaskata (Afisawa 1:13), don haka babu wani na Almasihu da ba shi da Ruhu (Romawa 8:9). Yana tabbatar mana cewa mu 'ya'yan Allah ne, yana kuma yi mana roƙo a lokacin da muka rasa abin faɗi cikin addu'a.

Sai dai mu lura da bambanci tsakanin baiwa da hali. Bulus ya shaida cewa Korantiyawa ba su rasa wata baiwa ba, duk da haka ya kira su jarirai saboda kishi da jayayya (1 Korantiyawa 1:7, 3:1-3). Baiwa takan bayyana cikin rana ɗaya. Ƙauna da haƙuri da kamunkai, waɗanda ke cikin halaye tara na Galatiyawa 5:22-23, sai a hankali suke nuna, kamar hatsi a gona. Wanda ke annabci ran Lahadi, ran Litinin kuwa ya tauye mudu a kasuwa, bai cika da Ruhu ba tukuna.

Aikinsa cikin sujada

A 1 Korantiyawa 14, Bulus bai hana magana da harsuna ko annabci ba, amma ya kafa musu iyaka. Masu harsuna kada su wuce biyu ko uku, su yi bi da bi, a kuma sami mai fassara. In babu shi, su yi shiru. Annabawa ma biyu ko uku ne, saura su auna abin da aka faɗa. Aya ta 32 ta nuna cewa annabi yana da ikon kame kansa. A nan ne Ruhu ya sha bamban da iskar bori: ba ya ƙwace hankalin mutum. Montanus na ƙasar Firijiya, a ƙarni na biyu, ya yi annabci cikin fita hayyaci, wannan kuwa yana cikin dalilan da suka sa ikkilisiya ta ƙi shi.

Amma tsari ma yana iya zama mafakar fasto mai tsoro. Bulus ɗin nan ne ya gargaɗi Tasalonikawa kada su danne Ruhu ko su raina annabci, sai dai su gwada kome (1 Tasalonikawa 5:19-21). Ma'aunin kuwa Yesu ya ba mu: Ruhu yana ɗaukaka Almasihu ne (Yahaya 16:14). In an tashi sujada ana zancen mai wa'azi maimakon Mai Ceto, mu sake bincike.

Hakkinmu na masu hidima

Kada mu kori matashin da ya ce ya sami saƙo, kada kuma mu miƙa masa bagade nan da nan. Mu zauna da shi tare da dattawa, mu auna saƙon da Maganar Allah, mu dubi zamansa a gida. Mu kuma tambayi kanmu ko tsarin sujadarmu ya bar wa jama'a wurin addu'a da shaida.

Tambayoyin nazari

1. Yaya za ka bayyana wa sabon mai bi bambancin cika da Ruhu da hawan iska?
2. A ikkilisiyarka, wanne ya fi kusa: danne Ruhu ko rashin gwada ruhohi?