Kama Da Wane Ba Ta Wane: Igwana Ba Damo Ba Ce

Duk Bahaushen da ya taɓa sauka Badun, watau Ibadan babban birnin Jihar Oyo, da wuya a ce bai taka Kasuwar Bodija ba. Tun cikin 1987 da aka tashi masu sayar da kayan abinci daga Orita Merin aka mai da su can, kasuwar ta zama masaukin manyan motocin da ke kawo wake, da masara, da albasa, da tattasai daga Arewa. Mutanenmu na Sabo, unguwar Hausawa wadda aka kafa tun cikin 1916, da dama daga cikinsu a nan suke neman abincinsu.

To, mai karatu, mu ƙaddara kai ne ka je wannan kasuwa cefane. Kana cikin tafiya sai ka ga yara sun ɗaure wani ƙaton ƙadangare da igiya a ƙugu suna ja, duk ya galabaita. Tausayi ya kama ka, ka karɓe shi ka kai gida. Ka yi abin kirki, amma fa yanzu aikin ya soma. Da yawa daga cikin irin waɗannan dabbobi sukan tsira daga hannun mai azabtar da su, sa'an nan su mutu a hannun mai ƙaunarsu, don kuwa bai san abin da ya ɗauko ba, balle ya san abin da zai ba shi.

Wane Ne Baƙon Naka?

Tushen ruɗanin a wajen suna yake. Turawan da suka zo ƙasar nan sukan kira damo da guza da sunan igwana, har yau kuwa haka ake jin sunan a bakin masu Turanci a Kudu. Alhali kuwa igwana ta ainihi ba 'yar Afirka ta Yamma ba ce. Asalinta ƙasashen Amurka ne masu zafi, tun daga Meksiko har Barazil da tsibiran Karibiyan. Wadda duk ka gani a Nijeriya, masu cinikin dabbobin ado ne suka shigo da ita.

Rarrabe su ba wuya. Igwana tana da jerin ƙayoyi masu laushi tun daga ƙeya har gadon baya, da wata fata mai reto ƙarƙashin haɓa kamar ta bijimin sa, da wani faffaɗan ɓawo zagayayye a kowane kunci. Tana ƙarama koriya ce shar, in ta manyanta launin yakan dushe. Harshenta gajere ne mai kauri. Damo da guza kuwa ba su da ƙaya ko fatar haɓa, kuma harshensu dogo ne mai baki biyu kamar na maciji. Damo gajere ne kakkaura mai launin ƙasa, da ƙyar yake wuce mita 1. Guza ya fi shi tsawo, yakan kai mita 2, baƙi-baƙi ne mai ɗigon rawaya, ba ya kuma nisa da ruwa.

Babban bambancin da rai ya rataya a kansa shi ne wannan: igwana ganye take ci, damo da guza kuwa masu cin ƙwari da nama ne. Wanda ya ba damo ganye ya bar shi da yunwa. Wanda ya ba igwana nama ya sa ta a hanyar mutuwa, ko da ya ga tana lamushewa da marmari.

Kwanakin Farko

Ko wanne ne ka ɗauko, abin da ya fi bukata da fari shi ne kwanciyar hankali. A sa shi wuri mai shiru, nesa da yara da kyanwa da kare, a tanada masa maɓoya da ruwa mai tsabta. A bar yawan ɗaukarsa har mako guda ko biyu. In ya ƙi cin abinci 'yan kwanaki, wannan ba abin mamaki ba ne ga dabbar da ta firgita, kada a buɗe bakinsa da ƙarfi a ɗura masa. Abin da ya fi gaggawa shi ne ƙishirwa. A sa shi cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda bai wuce kafaɗarsa ba, kamar minti 15 zuwa 20, ana tsaye a kansa.

Sa'an nan a duba jikinsa a hankali: inda igiya ta ci, da kaska a hammata da gindin wutsiya, da kumburi ko ruɓa a baki. Kada a kuskura a fesa masa fiya-fiya ko maganin sauro don kashe kaska, gama abin da zai kashe kaskar shi ma zai kashe shi. Kada kuma a kama igwana ta wutsiya, don takan yar da ita kamar yadda ƙadangaren gida ke yi. A tallafe ta ta ƙirji da ƙugu, a kiyayi faratanta da bulalar wutsiyarta.

Mazauna Badun sun yi sa'a, domin Jami'ar Ibadan ba ta da nisa da Bodija, tana kuwa da asibitin koyar da likitancin dabbobi, da gidan namun daji wanda ya samo asali tun cikin 1948. A kai dabbar wurin likita tare da ɗan kashinta sabo, don a duba ko akwai tsutsar ciki.

Cefanen Igwana

Abin daɗin shi ne, duk abin da igwana ke bukata yana nan a rumfunan masu ganye na Bodija, da araha. Kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na abincinta ya zama ganye da kayan lambu. Zogale, da ganyen wake, da ganyen dankalin Hausa, da lalo wanda Yarabawa ke kira ewedu, duk sun dace. A haɗa da kuɓewa ɗanya, da kabewa da aka kankare, da ɗan koren wake. 'Ya'yan itace kamar gwanda da mangwaro na marmari ne kurum, kada su wuce kashi 10 cikin 100. Alayyafo da kabeji sai jefi-jefi, domin yawan alayyafo yana hana jiki amfana da kalsiyam, watau sinadarin da ke gina ƙashi, yawan kabeji kuwa yana taɓa maƙoshi. Latas ruwa ne kawai, ba ya riƙe ta. Albasa da fiya kada su shiga kwanonta sam.

A wanke ganyen sarai saboda maganin feshi na gona, a yanka ƙanana, don igwana ba ta tauna, yaga take yi ta haɗiye. A ba ta da safe, a kwashe abin da ya rage kafin dare.

Me ya sa nama ke cutar da ita? A cikin hanjinta akwai wasu ƙananan halittu da ke narkar da ganye, kusan yadda abin yake ga doki. Jikinta an gina shi ne bisa wannan. In aka dinga ba ta nama, ko ƙwai, ko abincin kare da kyanwa, sai ƙodarta ta gaji. Ciwon ba ya nuna kansa da wuri. Mai ita yana murna tana girma da sauri, ashe ƙoda tana lalacewa, ran da alama ta fito kuwa sau da yawa bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Rana Ita Ce Rabin Magani

Igwana ba ta da ɗumin jiki na kanta, daga waje take samu. Tana bukatar wurin shan hantsi mai zafin digiri 32 zuwa 35, da inuwar da za ta koma in ta ji ya ishe ta. Ba tare da wannan zafi ba abinci ba ya narkewa a cikinta. Bugu da ƙari, cikin hasken rana akwai wani haske da ido ba ya gani, wanda ke sa fatarta ta yi bitamin D, shi kuwa ke kai kalsiyam cikin ƙashi. Gilashin taga yana tare wannan haske, saboda haka igwanar da aka ajiye a falo bayan gilashi daidai take da wadda aka kulle a ɗaki. Ƙarshenta muƙamuƙi ya yi laushi kamar roba, ƙafafu su kumbura, jiki ya riƙa rawa, ƙashi ya karye ba tare da faɗuwa ba.

Mutanen Turai sai sun sayi fitilu masu tsada kafin su sami abin da Allah ya ba mu kyauta. A gina mata keji na waya a tsakar gida, rabi rana rabi inuwa, da rassan hawa, don 'yar bisa ce. A tuna kuma wadda ke kan tafin hannu yau za ta kai mita 1 da rabi ko fiye, ta kuma yi shekara 15 zuwa 20, saboda haka kejin babba sai ya kusa ƙaramin ɗaki. Laimar Badun ta dace da ita, amma da hunturu a riƙa yayyafa mata ruwa, a kuma shigar da ita ɗaki da dare, musamman a wurare irin su Jos da Kano. In ka ga tana atishawa wani farin gari yana taruwa a hancinta, gishiri ne take fitarwa, ba mura ba ce.

In Kuwa Damo Ne

Hausawa na yi masa kirari da damo sarkin haƙuri, kuma ya ci sunan, gama da damina yake cin abincinsa ya tara kitse, da rani ya shige rami ya yi watanni bai ci kome ba. A daji abincinsa gyare ne, da fara, da ƙadandoniya, da dodon koɗi, har da kunama. Wanda ya riƙe shi na ɗan lokaci sai ya nemo masa irin waɗannan daga inda ba a yi feshi ba. Tarkacen nama da kitse daga wajen mahauta ƙiba kawai za su sa masa, su lalata hantarsa.

Amma gaskiyar magana, damo da guza ba dabbobin gida ba ne. An daɗe ana farautarsu don nama da fata, har da fatar da ake rufa ƙoƙon goge, kuma ana fitar da 'ya'yan damo masu ɗimbin yawa daga Gana da Togo da Binin zuwa Turai da Amurka. Yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Nijeriya ke cikin ƙasashen farko da suka shiga, ta sa ido kan cinikinsu tsakanin ƙasashe, haka ma na igwana. A gida kuma akwai Doka ta 11 ta 1985 mai kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara cikin 2016. Don haka da zarar damo ya warke, a mai da shi irin dajin da ya fito, ko a miƙa shi ga ma'aikatan gandun daji.

Igwana kuwa akasin haka ne, ba a sakinta a daji ko kaɗan. A Jihar Filorida ta Amurka, waɗanda suka kuɓuce da waɗanda masu su suka gaji suka saki sun yaɗu tun daga shekarun 1960, suna cinye lambuna suna haƙe gindin gine-gine, har cikin 2021 hukuma ta hana sabon kiwonsu a gidaje. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya nemi gidan namun daji ko wani wanda ya san kanta.

Lafiyar Iyali

Dukan waɗannan dabbobi sukan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, ga mutum kuwa tana kawo zawo da zazzaɓi mai tsanani. A wanke hannu da sabulu duk lokacin da aka taɓa dabbar ko kejinta, kada kuma a wanke kwanonta inda ake wanke na abinci. Gidan da ke da yaro ƙasa da shekara 5, ko mai juna biyu, ko tsoho mai rauni, gara a haƙura da ajiye ta.

Kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Dabbar da ka ɗauko ta zama amana a wuyanka. Saboda haka kafin ka kwance igiyar nan, tsaya ka dubi harshenta da gadon bayanta, ka tabbata ko rumfar masu ganye za ka nufa, ko kuwa hanyar daji.