Kafin A Shafa Wa Bango Fenti

Da damina ta ɗauke, muna ganin mutanen Fammar sun shiga gyaran gidaje, wasu har da fenti. Amma sau da yawa kafin shekara ta zagayo fentin ya ɓare kamar ɓawon rogo, kuɗi sun tafi a banza. Yawanci ba laifin fentin ba ne, bangon ne ba a shirya ba.

Idan filasta sabuwa ce, ana yayyafa mata ruwa na kwana 7 don ta yi ƙwari, sannan a jira ta kai kamar kwana 28. Ɗanyen siminti yana cin fenti, kuma danshin ciki yana turo shi waje ya yi ƙuraje. Shi ya sa watan Agusta ba lokacin fenti ba ne.

Tsohon bango ya fi aiki. Sai a kankare tsohon fenti da gansakuka da farin gishirin nan na gindin bango da burushin waya. Inda ya tsage a ɗan buɗe tsagar, a jiƙa, a cike da kwaɓin siminti da yashi mai laushi. Ƙurar hunturu ma a wanke ta. Ga gwajin da ko mu ɗalibai za mu iya: idan ya bushe mu shafa tafin hannu, in gari ya biyo hannun, da saura.

Shafin farko ana sirka shi da ruwa don bango ya sha, kuma ba da tsakar rana ba.

Bangon laka kuwa ba ya riƙe fenti. Shi makuba ake yi masa, wadda kakanninmu suke haɗawa da ɓawon ɗorawa.