Yaushe Likita Yake Yi Wa Haƙori Ciko?

'Yan uwa ɗalibai, da yawanmu mun taso muna jin ana cewa tsutsa ce take cin haƙori. Ba tsutsa ba ce. Wasu ƙwayoyin cuta ne a baki suke cin sukarin da ya maƙale bayan mun sha alawa ko lemon kwalba, sai su fitar da wani ruwa mai tsami da yake zaizaye haƙorin a hankali. Amma ba kowane haƙori da ya fara lalacewa ake yi wa ciko ba.

Abin da likita yake fara dubawa shi ne zurfin ɓarnar. Haƙori hawa uku ne: farin ɓawo mai tauri a waje, sai wani sashe da bai kai shi tauri ba, sai can ciki inda jijiya take. Idan ɓarnar ba ta wuce ɓawon ba, abin da ake gani ɗan tabo ne fari kamar alli, babu rami. Wannan ba ya buƙatar ciko. Likita zai shafa maganin fuloraid, ya ce a rage zaƙi, a riƙa goge baki safe da dare da man da yake da fuloraid. Ɓawon yana iya sake yin ƙarfi.

Idan kuwa rami ya buɗe har ya kai hawa na biyu, abinci yana shiga yana zama, buroshi ko asuwaki ba sa iya fito da shi. A nan ne ake kankare ruɓaɓɓen wurin a cike. Ramin da ya ɓuya tsakanin haƙora biyu kuma sai an ɗauki hoto ake ganinsa. In ya kai ga jijiya, ana kwana ba barci ko dasashi ya kumbura, ciko kaɗai ba zai yi ba, sai a yi aikin jijiyar ko a cire haƙorin.

Sai maganar shekaru. Haƙoran nono guda 20 ne. Wanda ya fara girgiza, ba ya ciwo, ana iya ƙyale shi ya fita da kansa. Amma turamen nono sukan kai shekara 10 zuwa 12 kafin a yi famfararsu. Don haka turmin ƙaninmu ɗan shekara 5 ba abin ƙyalewa ba ne, shi yake riƙe wa na dindindin wurinsa.

Wanda ya fi ruɗar iyaye shi ne turmin da yake fitowa wajen shekara 6, can bayan na nono. Yana fitowa ba tare da wani ya faɗi ba, sai a ɗauka shi ma na nono ne, a ce ai zai fita. Ba zai fita ba. Mu da muke da shekara 13, guda huɗun nan sun yi kusan shekara 7 a bakinmu muna tauna da su, kuma idan aka cire ɗaya babu wani da zai tsiro a gurbinsa.