Kafin ka canza wa motarka sandar sitabilaiza

Ka taɓa lura da yadda mota ke karkata gefe guda idan ka sha kwana da gudu? Abin da ke rage wannan karkatar wata sandar ƙarfe ce da ta haɗa ƙafar hagu da ta dama, wadda bakanikai ke kira sitabilaiza. Idan gefe ɗaya ya danne, sai sandar ta murɗe, ta yi turjiya.

Masu motocin gudu sukan cire ta kamfani su sa mai kauri. To amma ga lissafin: idan kaurin sanda ya ninka sau 2, taurinta ninkawa yake sau 16. Ko daga milimita 22 ka koma 24, ka ƙara tauri da kusan kashi 42 cikin 100.

Sannan a ina za ka sa ta? Sandar ba ta rage nauyin da ke komawa kan tayoyin waje a kwana, raba shi take yi tsakanin gaba da baya. Idan ta gaba ta cika tauri, tayoyin gaba ne za su fara sakin titi, kana juya sitiyari mota na miƙewa. Idan ta baya ce, bayan motar zai iya zamewa ya juyo da kai, kuma wannan ya fi haɗari.

Don haka ka nemi mai ramuka da yawa a bakinta, ka fara da ramin ƙarshe, shi ne mafi laushi. Ka canza bushin da ya cinye. In kuma hanyarka mai gargada ce, ka sani sanda mai tauri tana hana taya zama daram a ƙasa.